Sai da Izinin Inna

"Ƙaro murya! Don Allah ƙaro murya, yanzu za a fara!"

Gatana ce take faɗin haka daga bakin ƙofar falo, farantin kofunan shayi yana karkarwa a hannunta saboda ɗoki. Mijinta, wanda duk unguwar ke kira Mai Gilashi saboda sana'arsa, ya murɗa rediyon yana dariya.

"Ki fara ajiye farantin nan kafin ki yi mana wanka da ruwan zafi. Marubuciya guda, amma kin kasa tsayuwa wuri ɗaya!"

Falon nasu ƙarami ne, ranar kuwa ya cika maƙil. Inna, mahaifiyar mijin, tana kan doguwar kujera da carbinta. Yaya Babba, yayarsa, ta zo da 'ya'yanta sun baje a kan kafet. Ummi, 'yar farin masu gidan, wadda ko makaranta ba ta shiga ba, tana kan cinyar kakarta tana wasa da bakin mayafinta. Dalilin taron ɗaya ne: da yammacin nan gidan rediyo zai karanta labarin da Gatana ta rubuta, kashi na farko yau, ƙarashen kuma mako mai zuwa.

Wanda bai san Gatana ba ba zai gane girman wannan rana ba. Tun kafin ta iya riƙe fensir take tara ƙannenta a bayan ƙofa tana tsara musu labari, har mahaifinta ya laƙaba mata wannan suna, sunan kuma ya bi ta ya danne na gaskiya. Da ta shiga makaranta, bayan kowane littafin lissafinta labari ne, ta sha faɗan malamai a kai. Ta girma ta zama malamar firamare, tana aika gajerun labarai zuwa mujallu, wasu su dawo mata da abinta da 'yar takardar ban haƙuri, wasu ko amsa babu. Shi kansa aurenta labari ne ya ƙulla shi. An kira wani saurayi ya sa gilashin tagar ajinta da yara suka fasa da ƙwallo, ya tarar tana ba ɗalibai labari, sai ya tsaya da gilashin a hannu, bai motsa ba har aka kaɗa ƙararrawa. Washegari ya dawo wai zai duba ko aikin ya zauna daidai. Tagar nan kuwa ta sha dubawa har ƙarshen zangon karatu!

Mai gabatarwa ya yi sallama, ya ambaci sunan marubuciya, yara suka ɗauki tafi. Gatana ta rufe fuska da tafin hannu. Aka fara karatu.

Labarin wata matashiya ce da mijinta ya kore ta da rana tsaka. Ta ɗauro ɗanta a baya za ta fita, sai dangin mijin suka tare ta a bakin ƙofa suka kwance mata goyon. Ta tafi tana waiwaye, kukan yaron yana bin ta har ta sha kwana.

Gatana ta ɗaga kai don ta ga yadda mutane suka karɓi abin, sai idonta ya faɗa kan Inna. Carbin ya tsaya cak a tsakanin yatsunta. Tsohuwar ta sauke Ummi a hankali, ta miƙe, ta taka har gaban rediyon ta kashe shi.

"Wa ya gaya miki?" Muryarta ƙasa-ƙasa, amma sai da kowa ya ji.

"Ya gaya min me, Inna?"

"Au, raina mana hankali za ki yi?" Yaya Babba ta zabura ta miƙe. "Kin tara mu, kin ba mu shayi, don mu zauna mu ji kina tallan sirrin uwarmu a duniya? Kai kuma Auta, ka ji kunya! Abin da na gaya maka tsakanina da kai, shi ka kwasa ka kai ɗakin matarka?"

"Wallahi Yaya ban taɓa buɗe baki ba!" in ji Mai Gilashi. "Ko da wasa ban taɓa ba!"

A cikin hayaniyar nan Gatana ta tsinci abin da ba ta taɓa sani ba. Ashe kafin Inna ta auri mahaifin su Mai Gilashi ta yi wani auren tana ƙaramar yarinya, kuma haka aka yi mata, aka raba ta da ɗanta yana shan nono. Ba ta sake sa shi a ido ba, sai labarin rasuwarsa da ya iske ta daga baya. Ko a cikin 'ya'yanta ba kowa ya sani ba.

Gatana ta zube a ƙasa, hawaye yana tsere a kumatunta. "Inna, ki yarda da ni. Wata mata na gani a tashar mota tana kuka, zanin goyo a hannunta babu yaro. Daga nan na ƙirƙiro sauran. Da na san ya shafe ki, wallahi da ko harafi ɗaya ban rubuta ba!"

Inna ba ta ko dube ta ba. Ta gyara mayafinta ta fice, Yaya Babba ta tattara 'ya'yanta ta bi bayanta. Shayin ya huce a kofuna babu wanda ya kurɓa.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi wa gidan nauyi. Yaya Babba ta bi dangi gida-gida tana cewa ƙaninta ya auro musu mai leƙen asiri, yau Inna aka sa a rediyo, gobe wa ya san wanda za a sa? Magana ta tsaya a kan abu ɗaya: Mai Gilashi ya sallami matarsa. Mahaifiyar Gatana da ta ji, ranta ya ɓaci, ta aiko mata cewa ta haɗa kayanta ta dawo gida, ita 'yarta ba ta yi mata yawa ba.

Wata rana da azahar Gatana ta tashi daga makaranta ta biya shagon mijin. Shago ne siriri mai zurfi, manyan falle-fallen gilashi a jingine da bango, faffaɗan tebur a tsakiya an shimfiɗa masa bargo don kada gilashi ya karce, ƙasa kuma tana ƙyalli da ɓurɓushi duk yawan sharar da ake yi. Ta same shi zaune, hannunsa naɗe da bandeji.

"Baban Ummi! Me ya same ka?"

"Ba komai, ɗan yanka ne."

"Tun da na san ka gilashi bai taɓa yanka ka ba."

"Hankalin ne ba ya jikina." Ya sunkuyar da kai. "Gatana, uwata ce. Ban taɓa ce mata a'a ba tun da na yi wayo. Amma ke ma na san ba ki yi laifi ba. Idan na sake ki don a ji daɗi, da wane ido zan dubi Ummi? Da wane ido zan dubi kaina?"

Ta zauna a kan benci kusa da shi, ta jima tana kallon bandejin. "Tashi mu je wurinta," ta ce. "Ni da kai."

Sun tarar da Inna a ɗakinta, Yaya Babba a gefe ta haɗe rai. Mai Gilashi ya durƙusa har ƙasa.

"Inna, ki ce in rufe shagona, zan rufe. Ki ce in bar garin nan, zan bari. Amma don girman Allah kada ki ce in rabu da ita, domin zaluntarta zan yi, ke kuma ba ki rene ni a kan zalunci ba."

"Ka ji ko! An gama da shi!" in ji Yaya Babba.

Inna ta ɗaga wa Yaya Babba hannu ta tsayar da ita. Gatana ta matso.

"Inna, ba ni da yadda zan buɗe ƙirjina ki ga gaskiyata. Amma na ga ciwon da rubutuna ya ji miki, ko da ban yi da niyya ba. Na yi miki alkawari, daga yau ba zan ƙara fitar da rubutu waje ba, ko rediyo, ko mujalla, ko littafi, sai ranar da kika ba ni izini da bakinki."

Mai Gilashi ya juyo da sauri ya dube ta, don ya san abin da ta ajiye a ƙasa. Inna ta juyo gare su.

"Ku tashi ku je," ta ce. "Aure ba ni na ƙulla ba, ba ni zan kwance ba. Amma izinin nan kada ki sa rai."

A ranar Gatana ta je gidan rediyo ta roƙe su kada su karanta ƙarashen. A hanyar dawowa ta yi kuka har kanta ya yi ciwo. Da yamma mijin ya same ta tana cusa takardunta a akwati za ta tura ƙarƙashin gado, sai ya riƙe murfin.

"Tsaya. Me kika yi wa Inna alkawari?"

"Ba zan fitar waje ba."

"To ni waje ne? Baranda ai cikin gida take." Ya jawo kujerun roba biyu. "Zauna ki karanta min. Kunnuwan nan nawa ba su da aikin yi da zarar na rufe shago."

Ta yi dariya cikin hawaye, ta zauna.

Haka rayuwa ta miƙa. Gatana tana koyarwa da safe, ta yi aikin gida, ta saci ɗan lokaci a ranakun hutu ta yi rubutu a kan teburin kicin, tukunya tana tafasa a gefe. Da yamma ta karanta wa mutum ɗaya. Shi kuwa ba mai sauraron wasa ba ne. Ya yi fushi da mugu, ya yi wa jarumi tsawa, wani lokaci ya ce, "A'a, wannan ƙarya ce, namiji ba zai faɗi haka ba!" su yi ta musu har a kira sallar magariba. Aka ƙara haihuwa, yara suka shiga makaranta, akwati ɗaya ya zama biyu.

Ba wai abin ya daina yi mata zafi ba ne. Akwai ranar da ta shiga kantin littattafai sayen kayan makarantar yara, ta ga littafin wata da suka yi aji ɗaya, wadda a da ita ke gyara mata insha'i. Ta ɗauka ta shafa bangon, ta mayar, ta fito ba tare da ta sayi abin da ya kawo ta ba. Duk da haka ba ta fasa zuwa gaida Inna ba, ko da amsar ba ta wuce "lafiya" a taƙaice.

Ummi ta girma ta shiga jami'a, ta fito da baki irin na uwarta. Wata rana ta gama karanta ɗaya daga cikin labaran, ta ajiye takardun da ƙarfi.

"Mama, gaskiya wannan ba adalci ba ne! Ki bari in yi miki taifin a kwamfuta, mu ɗora a intanet da wani suna. Wa zai sani?"

"Ni zan sani."

"Haba Mama! Alkawarin tun ina 'yar mitsitsiya? Ai ya yi esfaya!"

"Ke, kakarki ce fa. Alkawari ba maganin tari ba ne da zai yi esfaya. Tashi ki duba min shinkafa."

"Sori Mama," in ji Ummi, ta tafi tana gunaguni.

Furfura ta fara fito wa Gatana a gaban goshi lokacin da idon Inna ya soma dushewa. Aka yi ta asibiti, abin bai yi ba, har ta kai ba ta bambance fuska sai murya. Yaya Babba tana wani gari mai nisa inda aka mayar da mijinta aiki. Gatana ce da kanta ta share ɗakin da ke kusa da baranda, ta sa sabon labule, ta ce wa mijinta ya je ya ɗauko Inna.

Ita ke yi mata wanka, ita ke ɗiga mata magani, ita ke riƙe hannunta zuwa banɗaki. Inna tana karɓar hidimar da "sannu" guda ɗaya, ba ƙari. Karatun yamma kuwa ba su daina ba, sai dai sun mayar da shi raɗa-raɗa don kada ya dame ta.

Wata yamma ana tsakiyar wani labari, an zo daidai inda amarya ta gano wanda ya ɓoye mata gaskiya, sai murya ta fito daga bayan labule.

"Ke! Ɗaga murya mana, ba na ji sosai."

Mata da miji suka dubi juna, baki buɗe.

"Inna, da mu kike?" in ji Mai Gilashi.

"Da wa nake in ba ku ba? Tun satin da ya wuce na san ƙanen uban nan ne munafukin, ku kuna ta jan rai. A kawo min kujera."

Mai Gilashi ya yi dariya har da riƙe ciki. Daga ranar kujerun baranda suka zama uku.

An jima ana haka. Wata rana da hantsi, gidan ba kowa sai su biyu, Gatana tana taje wa Inna kai, sai tsohuwar ta kama hannunta ta riƙe.

"Matar nan ta rediyo," ta ce a hankali. "Wadda aka kwance wa goyo. Yaya ta ƙare?"

Gatana ta ajiye matajin, ta zagayo ta zauna a gabanta.

"Yaron ya girma, Inna. Ya yi ta nemanta har ya same ta ta tsufa. Ta fara ba shi haƙuri, sai ya ce, 'Uwata, ban taɓa zaton kin yar da ni ba. Maƙwabta sun gaya min har kika sha kwana kina kiran sunana.'"

Kafaɗun Inna suka fara girgiza. Kuka take yi irin wanda aka daɗe ana dannewa.

"Nawa bai girma ba," ta ce. "Amma na kira shi. Wallahi na kira shi har muryata ta dishe. Babu wanda ya taɓa ce min ya ji."

Gatana ta rungume ta, suka yi kukan tare. Da suka lafa, Inna ta shafa fuskar surukarta da yatsu, ta taɓa goshi, ta taɓa kumatu.

"Kullum ina nan ina jin ki. Labari bayan labari, babu wanda ya gaya miki su, daga kanki suke fitowa. Na gane wancan ma haka ne. Da na bari an karanta ƙarashen tun a lokacin, da na sami sauƙin da na samu yau, ke ma da ban tsare miki hanya ba. 'Yata, ki yafe min. Ki fitar da rubutunki. Na ba ki izini, na kuma sa miki albarka."

"Inna, ban taɓa riƙe ki ba," in ji Gatana, tana sumbatar hannunta. "Na gode. Allah Ya saka da alheri, na gode!"

A ranar Inna ta sa aka kira mata Yaya Babba a waya, ta gaya mata komai. Yaya Babba ta nemi a ba Gatana wayar, ta yi ta kame-kame kafin ta iya cewa, "Maman Ummi, na ɗauki alhakinki. Kishin uwa ne ya rufe min ido. Ki yi haƙuri." Gatana ta ce ya wuce, kuma har cikin ranta ya wuce ɗin.

Sai dai izini daban, buga littafi daban. Ummi, wadda a lokacin ta yi aure har da goyonta, ta riƙa zuwa da kwamfutarta tana yi wa uwarta taifin wani dogon labari da suka zaɓa. Suka tura wa kamfanonin ɗab'i ta imel. Na farko ya ce salon ya tsufa. Na biyu ya ce sun fi son matasan marubuta. Wasu ko gezau. Duk sanda amsa ta zo, Ummi ta ɓata fuska, Gatana kuwa ta ce, "Tura wa na gaba. Ni da na saba jira?"

Daga ƙarshe wani ƙaramin kamfani ya kira ta. Ofishinsu ɗaki biyu ne a saman wani kantin magani, kwalayen littattafai har rufi, fanka tana kaɗa takardu. Editar yarinya ce sa'ar Ummi, da tabarau a saman kai.

"Mama, labarinki ya hana ni cin abinci," ta ce. "Amma gaskiya tsakiyar ta yi tsawo. Sai an rage kusan rabi, babi na ƙarshe kuma a sake shi gaba ɗaya. In kin yarda, muna so."

Gatana ta dawo gida ranta a jagule. "Yarinyar da na haifi kamarta," ta ce a baranda, "ita za ta ce in zubar da rabin aikina?"

"Ta yi gaskiya," in ji Inna, ko kara babu. "Malamin nan na tsakiyar labarin ya cika surutu. Duk sanda ya fara magana barci nake ji. Cire shi."

"Inna, har da ke?"

"Ni ma dai," in ji Mai Gilashi yana sosa ƙeya, "na daɗe ina so in faɗa, tsoro nake ji."

Gatana ta dube su ɗaya bayan ɗaya, sai ta fashe da dariya. Washegari ta ɗauki jan biro irin wanda take yi wa ɗalibai gyara da shi, ta hau kan nata aikin. Ta yanke, ta sake, ta karanta musu, su ce da saura, ta koma. Sai da aka shafe watanni kafin edita ta rubuto cewa ya yi.

A shekarar da ta yi ritaya daga koyarwa littafin ya fito. Da rana tsaka ta ji ana buga ƙofa da ƙafa, ta buɗe, sai ga Mai Gilashi da kwali a kafaɗa, gumi sharkaf, ya rufe shago ya baro masu jiran aiki. Ya dire shi a tsakiyar falo. Ya yage wa Gatana ledar. Ta ɗauki kwafi ɗaya, ta ga sunanta a jiki, sunanta na gaskiya da manyan baƙaƙe. Ta durƙusa a nan ta yi sujadar godiya.

Kwafin farko Inna ta kai wa. Tsohuwar ta juya shi, ta auna nauyinsa a tafin hannu, ta kai hanci ta shaƙa.

"Ashe haka yake da ƙamshi," ta ce. "Alhamdulillahi da Allah Ya bar ni na taɓa shi."

Kamfanin ya shirya ɗan taro a wani kantin littattafai. Ba wani cincirindo aka yi ba, amma kujerun sun cika: tsofaffin ɗalibanta da suka zama iyaye, abokan aikinta, maƙwabta, mahaifiyarta da aka kawo a mota saboda ciwon ƙafa. Yaya Babba ta yi doguwar tafiya ta zo, ita ce ma ke tura keken Inna, tana gaya wa duk wanda ta gani, "Matar ƙanina ce fa!"

Bayan Gatana ta karanta babi ɗaya, wata budurwa ta ɗaga hannu.

"Mama, an ce tun kina yarinya kike rubutu. Ba kya jin haushin shekarun da suka wuce a banza?"

Gatana ta yi murmushi. "'Yata, na yi kuka a cikinsu, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba su wuce a banza ba. Da na buga littafi a wancan lokacin, da na yi rubutu a kan haƙuri ban san shi ba, na yi a kan yafiya ban ɗanɗana ta ba. Yau ga littafina, ga mijina, ga uwayena biyu a zaune suna sa min albarka. Ban rasa ko ɗaya ba. Me zan ce wa Allah in ba godiya ba?"

Aka yi layi don ta sa hannu. Tana sa wa wannan, tana gaisawa da wancan, har ta zo kan na ƙarshe. Ta miƙa hannu ta karɓi littafin ba tare da ta ɗago ba.

"Sunan wa zan rubuta?"

"Duk wanda kika ga dama, ranki ya daɗe."

Ta ɗago da sauri. Mai Gilashi ne, da sabuwar riga, gemunsa fari fat, yana murmushi.

"Baban Ummi! Kai da kwali guda yake gidanka, me ya kai ka layi?"

"So nake in tsaya inda mutane suke tsayawa, in ga yadda suke ganinki."

Ta buɗe shafin farko, ta ɗora biro, amma ta rasa kalmar da za ta ishe shi. Ita da ta cika akwatuna da kalmomi! Hawaye ya ɗiga a kan farar takardar. Ta sa gefen mayafi za ta goge, ya riƙe hannunta.

"Bar shi haka," ya ce. "Wannan ya fi min kowane sa hannu."

Haka Gatana ta kai ga burinta, da furfura a kai da jikoki a gefe, kuma bayan wannan littafin wasu sun biyo. Ya ku masu karatu, musamman matasa masu gaggawa, ku duba ku gani. Baiwar da Allah Ya ba mutum ba ta ruɓewa don an jinkirta ta. Wanda ya riƙe alkawari, ya kare mutuncin iyaye ko da su ne suka yi masa kuskuren fahimta, ba ya taɓewa. Miji na gari kuma shi ne wanda bai saɓa wa uwarsa ba, bai kuma zalunci matarsa ba. Mu kuma iyaye da dangi, mu riƙa saurare har ƙarshe kafin mu yanke hukunci. Allah Ya ba mu haƙurin jira, Ya sa idan namu ya zo ya same mu tare da masoyanmu.